Jirgin Ruwan Katako Mai Giyoyin Inji: Kwana Tara a Kan Tebur a Samaru

A tsakiyar hunturun da ya wuce ne na karɓi wani kwali mai faɗi marar kauri, wanda na yi odarsa ta intanet aka kawo mini shi daga Legas zuwa Samaru, kuma abin da ke cikinsa jirgin ruwa ne na katako wanda mai saye zai haɗa da hannunsa daga farko har ƙarshe. Da niyyar jikana ɗan shekara 13 na saye shi, saboda na ga hutun makaranta yana neman ƙarewa a kan waya, amma gaskiyar magana ita ce ni na yi kashi biyu bisa uku na aikin, shi kuwa ya zama mai miƙo kaya da mai yi mini tsiya idan na yi kuskure, kamar yadda aka san jika da kakansa. Kwana tara muka yi a kansa, muna zama bayan sallar Isha'i na kimanin awa ɗaya da rabi, ban da wata Asabar da muka wuni. Yanzu da jirgin ya ga hunturu, ya ga bazara, ya kuma shiga damina a ɗakina, ina ganin na san shi sanin da zai ba ni damar faɗin abin da mai niyyar saye ya kamata ya ji kafin ya fitar da kuɗinsa.

Ga wanda bai taɓa ganin irin wannan kaya ba, allunan filawud ne sirara, masu kaurin kimanin milimita 3, waɗanda aka yanka da hasken leza, aka bar kowane guntu a maƙale a mazauninsa da 'yan ƙananan mahaɗai, sai mai haɗawa ya ɓalle shi ya sa a inda littafi ya nuna. Ba a amfani da gam, ba a buga ƙusa. Harshen wannan guntu yana shiga ramin wancan, tsinke ya ratsa su ya riƙe. Abin da ya bambanta shi da jirgin ado da ake ajiyewa a falo shi ne yana da inji a cikinsa, injin da ƙarfinsa ke fitowa daga irin robar nan ta ɗaure kuɗi, wadda ake naɗewa da makulli, ita kuma ta saki ƙarfin a hankali ta cikin jerin giyoyi na katako, wato tayoyi masu haƙora. Kamfanin Ugears na ƙasar Yukiren, wanda aka kafa a 2014, yana cikin waɗanda suka yi suna da wannan sana'a, haka ma ROKR na ƙasar Sin. Nawa ba ya ɗauke da ko ɗaya daga cikin waɗannan sunaye. Na wani ƙaramin kamfani ne daga cikin masu bin sahunsu, don haka duk abin da zan faɗa na yabo ko na suka, a kan wanda ya zo hannuna nake magana.

Samfurin da na zaɓa shi ne mai manyan tayoyi biyu na filafilai, ɗaya a kowane gefe, da dogon bututun hayaƙi a tsakiya, irin jiragen tururi na ƙarni na 19. Na tsallake masu tantin kama iska da masu farfela a baya na zaɓi wannan ne domin yana da alaƙa da tarihinmu fiye da yadda mutum zai zata. Mu nan Zariya ba mutanen ruwa ba ne. Kogunanmu, Galma da Kubanni, ba su taɓa ɗaukar abin da ya wuce kwalekwale ba. Amma a 1832 wani Bature mai suna Macgregor Laird ya taso daga Liverpool ta ƙasar Ingila tare da Richard Lander da jiragen tururi biyu masu irin waɗannan tayoyi, suka shigo kogin Kwara ta bakin teku. Sunan ɗaya Quorra, wato Kwara a bakin Turawa, ɗayan kuwa, wanda aka ƙera da ƙarfe, sunansa Alburkah, kalmar nan tamu ta albarka ce suka rubuta yadda kunnensu ya ji, kuma wannan jirgi ya hau kogin ya wuce mahaɗar Kwara da Binuwai har ya isa ƙasar Nufe. Bayan shekaru fiye da saba'in, da aka fara shimfiɗa layin dogo daga Baro a 1907, ta kogin ne jiragen ruwa suka riƙa kawo ƙarafa da kayan aiki zuwa Baro lokacin da ruwa ya cika, layin ya biyo ta Zariya ya isa Kano a 1911. Ashe dogon da ya haifi Sabon Gari a bayan jirgin ruwa ya fara zuwa. Dalilin da ya sa masu tayar filafilai suka dace da koguna irin namu shi ne ba sa buƙatar ruwa mai zurfi, tunda saman ruwan kawai filafilan ke duka. Wannan labarin na ba jikana a daren farko, ya saurara da rabin kunne, hankalinsa yana kan allunan.

Da aka buɗe kwalin, abin da ya fara tarbar mu shi ne ƙaurin ƙonannen katako, domin leza ƙona itacen take yi a layin da ta bi, shi ya sa gefen kowane guntu ya yi ruwan ƙasa mai duhu, kuma yana barin baƙi a yatsu. Wanda zai zauna aikin da farar riga ya canza shawara. Alluna shida ne a ciki, masu ɗauke da guntaye fiye da 300, kowanne da lambarsa a gefe, sai ƙullin tsinken sakace, da robobi, da ɗan yankin samfefa, da ɗan dunƙulen kaki wanda bai kai girman goro ba, da littafin umarni mai hotuna masu launi. Yankan ya yi kyau matuƙa, kuma wannan shi ne babban abin da zan yaba. Haƙoran giyoyin sun fita daidai wa daida, zanen katakon bene da tagogin ɗakin matuƙi an zana su da layuka siraran da hannun mutum ba zai iya ba, kuma cikin guntayen nan duka guda huɗu ko biyar ne kawai na tarar leza ba ta ratsa su sosai ba, sai da na bi bayansu da reza.

Matsala ta farko daga iskar garinmu ta fito. A hunturu laimar iska a nan arewa takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, katako ya bushe ƙayau, kuma filawud mai siranta irin wannan yakan yi gautsi. A dare na biyu, ina tura wani siririn guntu na shingen bene da babban yatsa, sai na ji ƙas, ya rabe biyu. Daga nan na koyi cewa ba a tura guntu daga tsakiya. Ana nemo 'yan mahaɗan da suka riƙe shi, a yanke su da reza ɗaya bayan ɗaya, sannan a tura daga bayan allo a hankali. Kamfanin ya sa guntayen maye gurbi na wasu sassa, an yi musu alama, amma na sassan da shi yake ganin za su iya karyewa ne, kuma shingen nan ba ya cikinsu. Ina ganin wannan gazawa ce, domin duk wanda ya dubi sirantar shingen ya san shi ne farkon abin da hannun sabon shiga zai karya, ga kuma fili ya rage a allon da za a iya yanka biyu ko uku na ƙari ba tare da an kashe ko sisi ba.

Zuciyar aikin ita ce akwatin giya, kuma a nan ne kuɗin mutum yake halatta ko ya tafi a banza. Robar tana jan wata babbar giya mai haƙora da yawa, wadda take juyawa a hankali amma da ƙarfi. Ita tana cizon wata ƙarama, kuma lissafin a fili yake: idan babba tana da haƙora 40, ƙarama tana da 10, kafin babba ta zagaya sau ɗaya ƙarama ta zagaya sau 4. Idan a kan sandar ƙaramar akwai wata babba da take cizon wata ƙarama da irin wannan rabo, juyi ɗaya na farko ya zama 16 a ƙarshe. Sai dai abin da aka samu na sauri an biya shi da ƙarfi, domin giyar ƙarshe tana gudu amma ɗan yatsa ma yana tsayar da ita, ɗan kaushin haƙori ɗaya ma yana tsayar da ita. Na shekara da shekaru ina jin makanikai a Kwangila suna cewa a sa mota a giya ta ɗaya idan za a hau tudu, na kuma san hakan a aikace, amma sai da na riƙe waɗannan tayoyin katako a tafin hannuna na ga dalilin da idona. Jikana, wanda aka koya wa rabo a darasin lissafi ya haddace ya manta, shi ya ƙirga haƙoran da kansa ya faɗi amsar kafin mu juya, kuma da ta fito daidai sai da ya tashi tsaye.

Akwai kuma wani ɗan harshe na katako da yake faɗawa tsakanin haƙoran wata taya mai karkatattun haƙora, yana barin ta ta juya gaba yayin da ake naɗe roba, yana hana ta komawa baya, shi ne mai yin ƙarar ƙas-ƙas idan ana murɗa makulli. A can ƙarshen jerin akwai wata 'yar taya mai fukafukai da take kaɗa iska, aikinta ta rage gudun injin domin kada robar ta zubar da ƙarfinta gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido. Daga sandar tayoyin filafilai kuma an ɗaura wani hannu a gefen tsakiya, wanda yake mayar da juyi ya zama kai da komo, yana tura wasu fistin biyu na katako sama da ƙasa a cikin ɗakin inji. A jirgin tururi na gaske fistin ne yake tura taya, a nan kuwa taya ce take jan fistin, wato an juya al'amarin, amma motsin da ido yake gani iri ɗaya ne, kuma an bar gefen jirgin a buɗe domin a riƙa kallo.

Duk wannan ba zai motsa ba sai da kaki. Littafin ya sa wata 'yar alama a kusa da sassan da ake shafa wa kaki, amma bai nuna muhimmancin abin yadda ya kamata ba, kuma dunƙulen da aka bayar ya ƙare tun kafin mu kai rabin akwatin giya. Kyandir na naira kaɗan daga shagon unguwa ya maye gurbinsa, kuma bai gaza ba. Abin da na gano shi ne kowane haƙori sai an bi shi da samfefa sau biyu ko uku a cire baƙin ƙuna da ragowar mahaɗi, sannan a goga masa kyandir, a haɗa giyar da abokiyarta, a yi ta juya su da yatsa na 'yan mintuna har kakin ya shiga jikin katakon ya yi santsi. Kada a kusanto da man inji ko man gyaɗa, domin katako yana shan mai ya kumbura, ƙura kuma ta manne. Wannan aiki ne mai cin rai, shi ne ya cinye mana darare uku, kuma a nan ne yaro yake gajiya ya koma wayarsa. Amma wanda ya yi gaggawa a wannan mataki zai gama da jirgi kyakkyawa wanda ba ya motsi, kuma ba zai gane ba sai bayan ya rufe gangar jirgin a kan injin.

Littafin umarnin babu rubutu a cikinsa sai lambobi da kibiyoyi, abin da yake da amfani ga wanda ba ya jin Turanci ko Sinanci, kuma mafi yawan shafukansa a bayyane suke. Amma akwai shafi ɗaya da ya ci amanata. Wasu giyoyi biyu suna kama da juna kamar tagwaye, bambancinsu kawai wani ɗan rami ne da yake dama a ɗaya, hagu a ɗaya, hoton kuma an ɗauko shi ta kusurwar da ramin ba ya fitowa. Na sa su a juye, muka ci gaba da gini har matakai goma sha wani abu, sai da muka zo ɗaura hannun fistin muka ga ba ya kaiwa. Jikana ya dube ni ya ce, "Alhaji, tsufa ne ko tabarau ne?" Na ce masa wanda yake riƙe da littafin ai shi ne mai laifi. Kwance abin da aka haɗa ba da gam ba yana yiwuwa, amma ya fi haɗawa wuya nesa ba kusa ba, domin tsinken da aka tura da ƙarfi sai an turo shi da wani tsinken daga baya, ana yi ana addu'a kada ramin ya tsage. Asabar ɗin da na ce mun wuni, a kan wannan kuskure muka wuni.

Tsinkayen ma suna da nasu aibi. Su ne sandunan da giyoyi suke juyawa a kai, su ne kuma ƙusoshin da suke riƙe gangar jirgin, amma kaurinsu bai zo ɗaya ba, wasu suna shiga rami salin-alin, wasu sai an rage su da samfefa, wasu kuma sun zo a lanƙwashe. Lanƙwasasshen tsinke a ƙarƙashin giya yana sa ta yin rawa, ta ciji abokiyarta a rabin zagaye ta sake ta a ɗaya rabin. Dabarar da muka yi ita ce mirgina kowane tsinke a kan gilashin tebur kafin a yi amfani da shi. Wanda ya mirgina lafiya a ajiye shi domin giya, wanda ya yi tsalle a bar shi domin riƙe bango. Matsefata da ƙaramar filaya sun yi mana amfani ƙwarai, kuma babu ko ɗaya a cikin kwalin.

Shingen da na karya na kai shi wurin wani kafinta a Sabon Gari wanda muka daɗe da shi. Ya juya guntun a hannunsa, ya yi dariya, ya ce, "Alhaji, ai wannan motar kara ce ta masu kuɗi." Ya ɗiga masa farin gam na katako da kan ashana, ya ce in bar shi ya kwana, kuma har yau wurin bai sake buɗewa ba. Maganarsa ta tsaya mini a rai, domin da gaskiyarsa ta wani ɓangare. Mu da muka tashi muna fere karan dawa, muna yanka ɓargonsa mu yi tayoyi, muna soka sille mu haɗa mota har da sitiyari mai juyawa, mun san wannan jin daɗin tun kafin a ƙirƙiro leza, kuma mu namu babu littafi, daga kai muke fitar da fasali. Ta fuskar ƙirƙira motar kara ta fi, tunda a wannan jirgi wani ne ya riga ya yi tunanin, kai bin sawu kawai kake yi. Abin da jirgin ya fi ta da shi shi ne daidaito, domin da kara ba za ka taɓa yanka giya mai haƙora 40 da za ta ciji wata ba tare da kuskure ba, kuma ta wannan daidaiton ne yaro yake ganin yadda lissafin aji yake zama motsi.

A dare na tara muka naɗe robar muka saki makulli. Tayoyin filafilai suka juya, fistin suka shiga hawa da sauka, jirgin ya taka a kan wasu ƙananan tayoyi da aka ɓoye a ƙarƙashinsa ya yi tafiyar da ba ta wuce taku uku na babban mutum ba a kan siminti, sannan ya tsaya. Duka motsin bai cika minti ɗaya ba. Na faɗi wannan a fili domin hotunan talla suna sa mutum ya zaci abin zai yi ta tafiya kamar motar batir. A kan darduma ko tabarma ba ya tafiya ko kaɗan. Sannan ga abin da kowane baƙo yake tambaya, har da uwargida: a'a, ba ya shiga ruwa. Gangarsa a buɗe take ta ko'ina, filawud ɗin ba a shafe shi da komai ba, kuma idan ya jiƙa zai kumbura, yadudduka su rabu, giyoyi su cije har abada. Wanda yake son abin da zai sa a baho ko a bakin dam ɗin jami'a, wannan ba nasa ba ne.

Bayan gamawa ma yanayi bai ƙyale shi ba. Ƙurar hunturu tana sauka a kan kakin ta zama kamar samfefa, don haka na sa shi a cikin kabad mai gilashi, ina share shi da burushin fenti mai laushi. Zafin watan Afrilu ya cinye robar farko, ta yi danƙo ta tsinke, kuma laifina ne a wani ɓangare domin na bar ta a naɗe. Ya kamata a riƙa sakinta gaba ɗaya bayan kowane wasa. Sauya ta bai yi wuya ba, tunda an bar ƙofa a ƙarƙashin jirgin, robar kuma irin wadda ake samu a kowane shagon kayan rubutu ce, sai dai a haɗa uku ko huɗu masu tsawo ɗaya. Da damina ta kankama a watan Agusta sai katakon ya sha laima, mahaɗan da suke sako-sako a hunturu suka matse, wanda ya yi wa gangar kyau, amma giya ɗaya ta fara cijewa, sai da na zare ta na rage bakin raminta na sake shafa kyandir. Saboda haka ina ba wanda zai haɗa nasa a hunturu shawara ya bar wa giyoyin ɗan sarari fiye da yadda yake gani ya isa, domin damina za ta cike shi.

Game da kuɗi, kaya ne da ake shigowa da shi daga waje, farashinsa yana bin canjin dala, kuma kuɗin kawowa daga Legas ya ƙara masa nauyi. Kwalin ma ya iso da kusurwa ɗaya a murƙushe, sa'a ce ta sa allunan ba su taɓu ba. Idan aka auna shi a matsayin abin wasan yara, ya yi tsada ƙwarai, kuma ba zai jure hannun ƙaramin yaro na awa ɗaya ba. A jikin kwalin an rubuta shekara 14 zuwa sama, kuma na yarda da wannan iyaka, sai dai idan akwai babba a kusa. Idan kuwa aka auna shi da darare tara na aikin hannu, da darasin giya da ɗalibin sakandare ko na kwalejin fasaha zai ɗauka daga gare shi, ina ganin ya biya kuɗinsa, kuma malamin kimiyya da zai iya samun ɗaya ya ajiye a aji zai huta da dogon bayani a kan allo. Wanda bai taɓa yi ba ya fara da ƙaramin samfuri mai guntaye ƙasa da 100, ya tanadi reza da kyandir da matsefata da fitila mai caji, domin wutar lantarki ta ɗauke mana a darare huɗu daga cikin taran nan, kuma lambobin da ke jikin allunan ƙanana ne, ba sa karantuwa a hasken waya.